Tarihin Marigayi Alhaji Ahmadu Ahijo: Ya Guje Wa Yaƙi Da Maƙwabta, Amma Ya Hana A Tambaye Shi Kan Yaƙin Cikin Gida

A filinmu na tarihin magabata na yau za mu duba rayuwar ɗan Garwa da ya fi kowa suna a duniya, wato Marigayi Alhaji Ahmadu Babatura Ahijo, shugaban ƙasar Kamaru na farko, wanda ya riƙe ragamar mulki tun daga 1958 har zuwa 1982. Yawancin masu karatunmu 'yan kasuwa ne da ke kai da komo tsakanin Garwa da Yola, ko Gidar da Mubi, ko Kusiri da Gamboru, kuma kowane ɗayansu ya san cewa da zarar an buga gangar yaƙi, abin da ake fara rufewa shi ne iyaka, wanda ya fara asara kuwa shi ne mai kaya a kan hanya. Don haka ba za mu tsaya ga lissafa ayyukan marigayin kawai ba. Za mu bi rayuwarsa da tambayar da ta shafe mu duka: idan shugaba ya ce za a yi yaƙi, wa ke da hurumin tambayarsa dalili, kuma a ina ake yi masa wannan tambaya?

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ahmadu Ahijo a garin Garwa ranar 24 ga Agusta, 1924, shekara tara bayan sojojin Ingila da na Faransa sun ƙwace garin daga hannun Jamusawa a 1915. Bafillace ne, kuma mahaifiyarsa ce ta ɗauki nauyin renonsa cikin hali na rashin wadata. Kamar sauran yaran Musulmi ya fara da makarantar allo, sannan a 1932 aka sa shi a makarantar boko ta garin. A 1938 ya zauna jarrabawar kammala firamare bai ci ba, ya ɗan taɓa aiki a ma'aikatar kula da dabbobi, daga baya ya koma aji ya ci jarrabawar a shekarar da ta biyo. Wannan ne ya ba shi damar tafiya Yawunde, inda ya yi shekara uku a babbar makarantar da Turawan Faransa ke horar da ƙananan ma'aikata.

A 1942 ya kama aiki a ma'aikatar gidan waya a matsayin mai aika saƙo ta wayar iska. Aikin ya kai shi Duwala da Ngaundare da Bartuwa da Mokolo kafin ya dawo gida Garwa. Yawon nan ya amfane shi ƙwarai, domin a lokacin ba kasafai ɗan Arewa ke sanin Kudu ba, shi kuwa ya zauna da mutanen sassan biyu, ya san halinsu da abin da ke ransu.

Shigarsa siyasa

Yana ɗan shekara 22 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta Kamaru a 1947. Da yawa daga cikin sarakunan gargajiya, wato lamiɓe, ba su saki jiki da samarin 'yan boko irinsa ba a farko, musamman da yake shi ba ɗan babban gidan sarauta ba ne. To amma Ahijo mutum ne mai ƙarancin magana da yawan haƙuri, ya bi su sannu a hankali har ya shawo kan mafi yawansu. Daga 1953 ya wakilci Kamaru a majalisar ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa. A farkon 1957 ya zama shugaban majalisar dokoki, a watan Mayu na shekarar kuma ya zama mataimakin firayim minista Andre-Marie Mbida, tare da riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida.

A watan Fabrairun 1958 gwamnatin Mbida ta faɗi, da sa hannun babban wakilin Faransa na lokacin, Jean Ramadier. Ranar 18 ga watan Ahijo ya zama firayim minista yana da shekara 33. A cikin wannan shekara, a nan Garwa, ya kafa jam'iyyarsa ta UC wadda ta haɗa kan 'yan siyasar Arewa da sarakuna. Masu raina shi sun ɗauka ɗan riƙon ƙwarya ne da ba zai daɗe ba. Sai da ya yi kusan shekara 25 a kan mulki.

Yaƙin da ya tarar yana ci

Kafin ya hau kujera, wuta ta riga ta kama a Kudu. A 1948 aka kafa jam'iyyar UPC a Duwala, wadda ke neman 'yancin kai ba tare da jinkiri ba da kuma sake haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila. Sakatarenta shi ne Ruben Um Nyobe, shugabanta kuma likita Felix Moumie, wanda dattawan Marwa da Mora suka sani domin ya yi aiki a can. Bayan tarzomar watan Mayun 1955, Faransa ta haramta jam'iyyar ranar 13 ga Yuli, 1955. Shugabanninta wasu suka shiga daji, wasu suka tsallaka iyaka, kuma a ƙarshen 1956 aka ɗauki makami a ƙasar Basa da ke tsakanin Duwala da Yawunde. Sojojin Faransa suka kwashe mutanen ƙauyuka suka tara su a sansanoni bakin hanya don a raba su da 'yan daji. Ranar 13 ga Satumba, 1958, wata bakwai bayan Ahijo ya zama firayim minista, sojoji suka harbe Um Nyobe a daji.

A nan ne muhawara ta taso, kuma ya kamata mu kawo hujjar kowane ɓangare yadda take. Ahijo da magoya bayansa suna ganin babu sauran dalilin ɗaukar makami tunda Faransa ta riga ta sa ranar ba da 'yanci, wato 1 ga Janairu, 1960. Suna nuni da cewa 'yan tawaye na kashe dagatai da ma'aikata, suna ƙona gonaki da kantuna, suna kuma samun goyon baya daga ƙasashen gurguzu, alhali gwamnati ta yi tayin afuwa ga wanda ya ajiye makami. A wajensu, gwamnatin da ta kasa tsare rai da dukiya ba gwamnati ba ce.

'Yan UPC kuwa suna cewa majalisar da ta ɗora Ahijo an zaɓe ta ne a watan Disambar 1956 lokacin da jam'iyyarsu ke haramce, don haka ba ta wakiltar jama'a duka. Buƙatarsu ita ce a ɗage haramcin, a yi sabon zaɓe ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ranar 'yanci, wanda ya ci ya karɓi ƙasa. A watan Maris na 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna kan batun, ta amince a ba da 'yanci ba tare da sabon zaɓe ba. Da an yi wannan zaɓe, da an san wanda jama'a ke so ta hanyar ƙuri'a. Da aka ƙi yin sa, sai bindiga ta zama alƙali.

Zama na ƙarshe da wakilan jama'a suka yi wata muhawara ta gaske kan wannan yaƙi shi ne na watan Oktoban 1959, lokacin da Ahijo ya nemi majalisa ta ba shi cikakken iko na yin doka da kansa ba tare da komawa gare ta ba. Wasu 'yan majalisa, cikinsu har da Daniel Kemajou na Nkongsamba, sun tashi sun yi gargaɗin cewa tara iko a hannun mutum ɗaya zai haifar da mulkin kama-karya. Masu rinjaye suka ba shi abin da ya nema. Da wannan iko aka rubuta tsarin mulkin da aka kai ƙuri'ar raba gardama ranar 21 ga Fabrairu, 1960, wanda ya samu kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma ƙuri'un Arewa ne suka tsallakar da shi. A watan Mayun 1960 majalisa ta zaɓe shi shugaban ƙasa.

Samun 'yanci bai kashe wutar ba. A farkon 1960 gwamnatin Ahijo ta nemi taimakon sojojin Faransa, aka turo Janar Max Briand, aka shiga ƙasar Bamileke da dakarun ƙasa da jiragen sama, ƙauyuka da yawa suka ƙone. A birnin Janiba na ƙasar Suwizalan kuma wani ɗan leƙen asirin Faransa ya sa wa Moumie guba a abin sha, ya mutu ranar 3 ga Nuwamba, 1960. Mu a Arewa ba mu ji ƙarar bindigar nan ba, sai dai fatake masu kai shanu da gyaɗa da albasa Kudu sun ga shingayen jandarmomi, sun kuma san wahalar neman takardar izinin wucewa kafin a bar mutum ya tsallaka daga wannan gunduma zuwa waccan.

Yadda aka toshe ƙofar tambaya

Ranar 1 ga Fabrairu, 1962, aka cusa fursunoni 52 a cikin taragon kaya na jirgin ƙasa daga Duwala zuwa Yawunde, aka kulle. Da aka buɗe ƙofa a Yawunde, 25 daga cikinsu sun mutu saboda rashin iska. Jaridar cocin Katolika ce ta fallasa labarin, sakamakon haka aka kama fitowar jaridar, aka kori limamin cocin da ke shugabantarta daga ƙasar. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Maris, 1962, Ahijo ya sa hannu a kan dokar hana zagon ƙasa, wadda ta mayar da yaɗa duk wani labari ko ra'ayi da hukuma ke ganin zai zubar mata da ƙima laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Waɗanda dokar ta fara ci su ne manyan 'yan adawa huɗu, wato tsohon firayim minista Mbida, da Charles Okala, da Theodore Mayi Matip, da Marcel Bebey Eyidi. Ba su ɗauki makami ba, takarda suka rubuta a watan Yunin 1962 suna ƙin amincewa da tsarin jam'iyya ɗaya, aka kama su aka ɗaure. Sansanonin tsare mutane irin na Yoko da Mantum da Collire suka cika, kuma Collire ɗin nan a ƙasarmu take, a yankin Rai Buba. Ranar 1 ga Satumba, 1966, aka narkar da jam'iyyu duka cikin guda ɗaya, wato UNC. Daga nan duk zaɓen shugaban ƙasa da aka yi har zuwa 1980, shi kaɗai ne ɗan takara.

Shugaban 'yan daji na ƙarshe, Ernest Ouandie, an kama shi a 1970, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka harbe shi a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu, 1971. Bishop Albert Ndongmo da aka yi wa shari'a tare da shi an sassauta masa hukuncin kisa, aka kawo shi Collire, sai a 1975 aka sake shi ya bar ƙasar. Ranar 20 ga Mayu, 1972, aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta soke tsarin tarayya da aka ƙulla da Kamarun Ingilishi a 1961, aka ce fiye da kashi 99 cikin ɗari sun amince. Yankin Ingilishi bai manta da wannan rana ba, kuma tana cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga rikicin da ya ɓarke a can tun 2016.

A tsawon waɗannan shekaru ko kalmar yaƙi ba a yarda a furta ba, ana cewa aikin tabbatar da doka da oda ne a kan 'yan fashi. Babu majalisar da ta tambayi mutum nawa suka mutu, ko nawa aka kashe na kuɗi, ko me yarjejeniyoyin tsaro da Faransa suka ƙunsa.

Yaƙoƙin da ya ƙi shiga

Adalci ne kuma mu faɗi ɗaya gefen, domin a nan ne 'yan kasuwar iyaka suka fi cin moriyar halin marigayin. Sau uku aka kai bakin faɗa tsakanin Kamaru da Nijeriya, sau uku yana danne zuciyarsa.

Na farko shi ne a watan Fabrairun 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a yankin da Ingila ke riƙe da shi amana. Kudancin yankin ya zaɓi Kamaru, amma Arewacinsa, wato ƙasashen Mubi da Gwoza da Bama da Dikwa da Ganye har zuwa Mambila, ya zaɓi Nijeriya da kusan kashi 60 cikin ɗari. Abin ya yi wa Ahijo ciwo matuƙa, ya zargi Ingila da maguɗi, har ya mayar da 1 ga Yuni, ranar da aka miƙa yankin, ranar makoki a Kamaru. Duk da haka bai tura soja ko ɗaya ba. Kotun Duniya da ke birnin Heg ya kai ƙara, kuma da kotun ta ƙi yanke hukunci kan batun a watan Disambar 1963, ya haƙura. Da ya zaɓi wata hanya, da hanyar Gidar zuwa Mubi ta zama fagen fama.

Na biyu shi ne yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Faransa ta Janar de Gaulle tana tallafa wa Biyafara, ƙasashen Gabon da Kodebuwa da ke bin ra'ayinta har sun amince da ita a matsayin ƙasa. Ahijo, wanda ake yi wa kallon yaron Faransa, ya ƙi bin wannan layi, ya hana a yi amfani da ƙasarsa wajen shigar da makamai, ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, kuma yana cikin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta naɗa a 1967 don sasanta rikicin. Yana da dalilinsa na gida, domin wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa, shi ma yana da yankin da ka iya ɓallewa. Amincin da ya shiga tsakaninsa da Gowon ne ya kai su ga sa hannu a kan yarjejeniyar iyakar ruwa a garin Marwa ranar 1 ga Yuni, 1975, wadda Kotun Duniya ta dogara da ita a hukuncinta na 10 ga Oktoba, 2002, da ya ba Kamaru Bakasi.

Na uku ya faru ranar 16 ga Mayu, 1981, sa'ad da jandarmomin Kamaru suka harbe sojojin Nijeriya biyar a ruwan iyaka kusa da Bakasi. Jaridun Nijeriya da 'yan siyasa da dama suka yi ta kiran a rama, aka jibge sojoji a iyaka. Shugaba Shehu Shagari ya ƙi gaggawa, Ahijo kuma bayan 'yan makonni ya ba da haƙuri, ya yarda a biya diyya ga iyalan mamatan. Kasuwanni suka ci gaba da ci.

Abin lura a nan shi ne, duka waɗannan matakai masu kyau shi kaɗai ya yanke su a fadarsa. Talaka bai da ta cewa a cikinsu, kamar yadda bai da ta cewa a yaƙin Kudu. Sa'a aka yi mutumin mai sanyin kai ne a kan maƙwabta. Ƙasar da zaman lafiyarta ya rataya ga halin mutum ɗaya kuwa, ranar da aka samu mai zafin kai babu abin da zai tare shi.

Ayyukansa a Arewa

Babu mai musun cewa Arewa ta ga ayyuka a zamaninsa. Layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, abin da ya sauƙaƙa kai shanu da auduga Duwala. A shekarar ce aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON mai hedikwata a Garwa. An gina madatsar ruwa ta Lagdo da taimakon ƙasar Sin tsakanin 1977 da 1982, ga masaƙar CICAM, ga noman shinkafa na Yagwa, ga babban filin jirgin sama na Garwa. A 1974 kuma ya shigar da Kamaru Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC, duk da cewa tsarin mulkin ƙasar bai jingina ga wani addini ba.

Sai dai ko a nan ma halin rashin ba da bahasi bai canza ba. Da aka fara haƙo man fetur a 1977, kaso mai yawa na kuɗin ana ajiye shi ne a wani asusu na daban a waje, wanda ba ya cikin kasafin da majalisa ke gani. Ƙabilun Arewa da ba Musulmi ba sun yi ta kukan an bar su a baya. A watan Oktoban 1979 kuma, bayan wani rikici da aka kashe jandarmomi a ƙauyen Dolle na Larabawan Shuwa a yankin Logon da Shari, sojoji suka afka wa ƙauyen, rayuka da dama suka salwanta, ba a kuma yi wani bincike a fili ba. Wannan ya nuna cewa sandar da aka sassaƙa domin Kudu tana iya sauka a kan Arewa.

Saukarsa da ƙarshen rayuwarsa

Da yammacin 4 ga Nuwamba, 1982, Ahijo ya ba kowa mamaki, ya sanar ta rediyo cewa ya ajiye mulki yana da shekara 58. Kwana biyu bayan haka aka rantsar da firayim ministansa Paul Biya. Shugabannin Afirka kaɗan ne suka taɓa yin haka da kansu, kuma tarihi zai riƙe masa wannan. To amma ya riƙe shugabancin jam'iyya, sarakuna biyu kuwa ba sa zama a gari ɗaya. Ba a yi shekara ba aka ɓata. Ya bar ƙasar a watan Yulin 1983, a watan Agusta aka ba da sanarwar gano wata maƙarƙashiya, aka sauke firayim minista Bello Buba Maigari, aka kuma raba lardin Arewa gida uku. A watan Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke wa Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka mayar da shi ɗauri.

Ranar 6 ga Afrilu, 1984, wasu dogarawan fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, aka murƙushe su. An kama fiye da mutum dubu, sojoji da farar hula, har da 'yan kasuwa. Kotunan soja suka yi shari'a cikin gaggawa, aka harbe mutane da dama a Mbalmayo da kewaye, iyalansu ba su samu gawarwaki ba. Kotunan nan da hukumomin leƙen asirin nan da dokar nan ta 1962, duk shi ya kafa su. Lokacin da suka juyo kan mutanensa, babu majalisa ko jarida ko alƙali mai 'yancin da zai tsaya musu, domin shi da kansa ya riga ya kawar da su.

Allah Ya yi masa rasuwa a birnin Dakar na ƙasar Sanagal ranar 30 ga Nuwamba, 1989, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 65, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yof. A ƙarshen 1990 aka soke dokar hana zagon ƙasa, aka dawo da jam'iyyu da yawa. A watan Disambar 1991 kuma wata doka ta wanke sunansa, kuma a cikin dokar guda aka wanke Um Nyobe da Moumie da Ouandie, mutanen da ya yaƙa. Matarsa Jarmen ta rasu a 2021 tana roƙon a mayar da shi gida da girmamawar da ta dace da shugaban ƙasa, aka binne ta kusa da shi a can Dakar.

Tambayar da aka hana yi a 1960 sai da ta dawo. A 2022 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amince a kafa kwamitin masana tarihi na ƙasashen biyu, suka miƙa rahoto mai shafi fiye da dubu a watan Janairun 2025, inda suka ce dubban gomomin mutane ne suka hallaka. A watan Agustan 2025 aka bayyana wasiƙar da Macron ya rubuta yana amincewa cewa yaƙi aka yi, kuma ya ci gaba bayan 1960 da taimakon Faransa ga hukumomin Kamaru mai 'yanci. An yi shekara fiye da sittin kafin a kira abin da sunansa.

Tambayar shugaba ba baƙon abu ba ne a wajenmu

Akwai masu cewa tuhumar shugaba kan yaƙi al'adar Turawa ce, Musulmi biyayya kawai ya sani. Tarihinmu bai nuna haka ba. Shekarar da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ana cikin musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi na Barno da shugabannin jihadi. Elkanemi ya nemi a faɗa masa hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello bai ce masa ya yi shiru ba, ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan da ke yaƙar jama'ar Shehu, sannan ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ake karanta su har yau. Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya taɓa barin rundunar jihadi saboda ganin son duniya ya shigo cikinta, ya tsaya a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkami, inda ya yi bayanin wajibcin shawara da adalci a kan mai mulki.

A zamanin nan ma muna da misali. Ranar 1 ga Maris, 2003, majalisar dokokin Turkiyya ta ƙi amincewa da buƙatar gwamnatinta ta barin sojojin Amurka su bi ta ƙasar su shiga Iraƙi, duk da biliyoyin dalolin da aka yi alkawari. Daga baya ta tabbata cewa makaman ƙare dangi da aka kafa hujja da su babu su. Ingila, wadda ta shiga yaƙin, sai a 2016 kwamitin bincikenta ya fitar da rahoton cewa an tafi yaƙi tun kafin a ƙure hanyoyin sulhu.

Mu a nan, tun da Shugaba Biya ya ayyana yaƙi da Boko Haram a watan Mayun 2014, mun ga yadda kasuwannin Amcide da Banki da Fotokol suka mutu na tsawon shekaru. Ba mu ga mai hankalin da ya yi musun cewa kare jama'a daga masu yanka mutane a masallatai da kasuwanni wajibi ne ba. Amma halaccin yaƙi bai ɗauke wa kowa ba da bahasi kan yadda ake yin sa ba. Da hoton bidiyon kisan mata biyu da 'ya'yansu a Zelebet ya fito a 2018, hukuma ta fara musantawa, da matsi ya yi yawa aka kama sojoji, a 2020 kuma kotu ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Da a ce a 1962 ne, da wanda ya yi maganar ne zai tafi Collire.

Darasin da muka ɗauka daga rayuwar Ahijo shi ne, ɗan kasuwa da ke biyan haraji da kuɗin kwastan yana da haƙƙin sanin me ya sa aka rufe iyaka, har zuwa yaushe, wa ya yanke shawarar, kuma ina waɗanda aka kama. Hanyar neman wannan haƙƙi ita ce ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa da 'yan majalisar da muka zaɓa da malamai da gidajen rediyo, cikin ladabi da hujja kamar yadda Elkanemi ya yi, tun kafin wuta ta kama.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ahmadu Ahijo, Ya saka masa da alherin da ya yi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a waɗancan shekaru, Ya kuma zaunar da iyakokinmu lafiya, amin.